Ku Tambayi Baba: Mudu Biyu a Rumfar Dattijon Ikilisiya

Wasiƙun da suka taru mini a wannan wata suna da dama, amma uku na ware, don na ga duk a rijiya ɗaya suke ɗiba. Kamar kullum na cire sunaye da garuruwa. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan cikin jaka.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni saurayi ne ɗan shekara 24. Tun rasuwar mahaifina kawuna ya ɗauke ni, shi ya biya mini kuɗin makaranta har na gama sakandare, yanzu ni ke tsare masa rumfar hatsi a kasuwar garinmu. Dattijo ne a ikilisiyarmu. Ba ya fashin addu'ar safe, zakkarsa ba ta makara, bara ma shi ya sayi kwanon rufin majami'a. Amma Baba, mudu biyu gare mu. Wanda muke sayen hatsi da shi a hannun matan ƙauye an buɗa masa baki, wanda muke sayarwa da shi kuma an buga gindinsa ya shige ciki. Ni ne mai awon. Ran Lahadin da ta wuce fasto ya kira shi "mai bi mai aminci" a gaban jama'a, ina cikin mawaƙa, na kasa ɗaga kai. Wai mene ne aminci? Ni kuma da nake awon, ina matsayina?

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kunyar nan da ta hana ka ɗaga kai, kada ka roƙi Allah ya ɗauke maka ita. A duk rumfar taku ita kaɗai ce ba a buga wa gindi ba.

Bari mu fara da kalmar. Mu masu bi da ke sujada da Hausa kalmomi biyu muke riƙe da su, muna kuma yawan cakuɗa su. Bangaskiya, in ka warware ta, ba da gaskiya ce: ka ji maganar Allah, ka ce haka ne, ka jingina a kanta. Aminci kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne da amana, da amini, da "amin" ɗin da muke rufe addu'a da ita. Amintacce shi ne wanda za ka bar wa mabuɗin ɗakinka ka yi tafiyar wata uku, kana can kana barci har da minshari. A ta farko kai ne ka amince da Allah. A ta biyu tambayar ita ce, kai za a iya amincewa da kai? Ayar nan ta Habakuk 2:4 da Bulus ya ɗauko a Romawa da Galatiyawa, mai cewa adali zai rayu ta wurin bangaskiya, kalmar Ibraniyancin da ke cikinta ita ce emuna, kuma ma'anar biyun duka take ɗauke da su. Littafi bai raba su ba. Mu muka raba, muka ajiye ɗaya a majami'a, muka ce ɗayar ba ta san hanyar kasuwa ba.

Zancen mudu kuwa, ba sai na yi maka dogon sharhi ba, don Allah bai bar shi a dunƙule ba. Buɗe Maimaitawar Shari'a 25:13-16 (mu da muka tashi da tsohon juyi na 1932 da Kubawar Shari'a muka san shi, har yau bakina can yake zamewa). Musa ya ce kada ka kasance da ma'auni iri biyu a jakarka, kada ka ajiye mudu iri biyu a gidanka, babba da ƙarami, ya kuma ce mai yin haka abin ƙyama ne ga Ubangiji. Karin Magana 20:10 ta maimaita. Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Amos, makiyayin nan na Tekowa, wanda ya yi annabci fiye da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu. A sura 8 ya kwatanta 'yan kasuwar Isra'ila suna zaune suna jiran Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ha'inci mutane da sikeli, su sayar har da ƙaiƙayin alkama. Ka lura da kyau: mutanen nan suna kiyaye Asabar. Rumfarsu a rufe take ranar sujada. Masu zuwa haikali ne, ba arna ba.

Ka dubi matar da ke kawo muku dawa. Ta taso tun asuba, kaya a ka, goyo a baya, ta auna abinta a gida sau biyu, ta san mudu ashirin ne. Ta iso, ka auna, ya tashi sha takwas da ɗan abin da ya rage a gindin buhu. Ba za ta yi gardama ba. Za ta yi shiru, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta ce ƙila ita ce ta yi kuskure. Ba ta yi kuskure ba, kuma a ranta ta sani. Matar nan ba lalle ta taɓa buɗe wasiƙar Romawa ba, amma ta san maigidan rumfar dattijon coci ne. Maƙwabtanku Musulmi ma suna da sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu, don haka kada ku ɗauka ba su gane abin da suke gani ba. Shi ya sa Bulus, da yake lissafa wa Timoti halayen shugaban ikilisiya, ya sa har da kyakkyawar shaida daga waɗanda suke waje. Fastonku ya ga kwanon rufi. Shaidar da ake nema tana bakin matan nan.

To amma kafin ka ɗauki dutse, zauna in ba ka nawa labarin.

Na yi shekara tara ina ma'ajin ikilisiyarmu. A wancan zamani babu zancen banki, akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin gadona, mabuɗi ɗaya, a wuyana. Wata shekara 'yata ta kwanta rashin lafiya, albashinmu na malaman makaranta kuma ya maƙale. Na buɗe akwatin na ɗebi naira ɗari biyu, na ce aro ne, ƙarshen wata in mayar. Ƙarshen wata ya zama wata uku. Duk Lahadi muna zama da dattawa bayan sujada mu baje baiko a tebur, mu jera sulalla goma-goma, ni kuma in rubuta a littafi cewa kuɗin ikilisiya cif suke. Da albashi ya zo na mayar, ko kwabo bai yi ciwon kai ba, ba kuma wanda ya sani sai uwargida. Daren nan ina murna, tana tankaɗe gari, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, kuɗin ka mayar. Ƙaryar da ke cikin littafin fa, wa zai mayar da ita?" Sai da na yi mako biyu ina jin haushinta kafin na kai kaina gaban dattawa. Ba su sauke ni ba. Sai dai wani tsohon manomi a cikinsu, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa, ya ce daga yau a sa wa akwatin kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a wurina, ɗaya a wurinsa. Kwaɗon nan na biyu ya fi mari zafi. Sai daga baya na ga a 2 Korantiyawa 8 cewa Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi mai raka shi, don kada a sami abin zargi.

Na faɗa maka wannan ne don ka san mutum na iya ƙaunar Yesu da gaske, ya kuma ware ɗaki ɗaya a gidansa ya ce nan ban da shiga. Ban ce kawunka munafuki ba ne. Mutumin da ya riƙe maraya har ya kawo ƙarfi ba a share alherinsa da hannu ɗaya. Mai yiwuwa shi ma haka ya tarar da mudun a rumfar wanda ya koya masa sana'a, ya ji ana cewa kowa haka yake yi, lamirinsa ya yi kanta a wurin. Amma zakka ba sabulu ba ce. Yesu ya ce wa Farisiyawa suna fid da zakkar na'ana'a, sun bar gaskiya da jinƙai da aminci. Kawunka ya san zakka sarai, saura ya haɗu da Zakka, gajeren nan na Yariko a Luka 19, wanda ranar da Yesu ya shiga gidansa bai ce zai rufa majami'a ba, cewa ya yi duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu.

Kai kuma, tunda ka tambaya, ba zan ɓoye maka ba: hannunka ne a kan mudun. A ranar shari'a "kawu ne ya sa ni" ba za ta yi nisa ba. Ga abin da zan ce ka yi. Kada ka kai ƙara wurin fasto tukuna, kada ka faɗa wa abokanka mawaƙa, kada kuma ka rubuta habaici a Facebook, wannan sabuwar cutar da ta kama yaranmu. Matiyu 18:15 ta ce ka je wurinsa ku biyu kaɗai, 1 Timoti 5:1 kuma ta ce dattijo ba a tsawata masa, roƙonsa ake yi kamar uba. Ka bari sai dare, ya ci tuwo, ya wanke hannu, yara sun watse. Ka durƙusa ka fara da godiya, ta gaske, ka lissafa abin da ya yi maka. Sa'an nan kada ka ce "Kawu, kana cuta." Ce masa, "Kawu, hannuna ya kasa awo da mudun nan, ba na samun barci. Ka yarda mini in auna da guda ɗaya, saye da sayarwa." Kanka ka kawo ƙara, ka bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa.

Yana iya yin shiru, washegari ka nemi mudun ka rasa. Na taɓa ganin haka. Yana kuma iya cewa ka yi masa butulci, ya ce ka bar masa rumfa. Ba zan yi maka alkawarin cewa gobe Allah zai buɗe maka shago ba, don Littafi bai yi wannan alkawari ba. Ka fara tunanin abin da za ka kama in hakan ta faru, ko dako ne, ko aikin gona. In ya ƙi ji, sai ka nemi wani dattijo guda mai riƙe sirri ku koma tare, kamar yadda aya ta 16 ta ce. Ko me ya faru, ka ci gaba da zuwa gaishe shi da safe. Kawunka ne.

TAMBAYA: Baba, ni 'yarka ce a Zumuntar Mata. Shekara 11 ke nan da aurena, Allah bai ba mu haihuwa ba. Na yi azumi, na yi kwanan addu'a, ban taɓa zuwa wurin boka ba ko da dangin miji sun matsa. Kwanan baya aka yi taron farkaswa a garinmu, baƙon mai wa'azi ya ce duk macen da take da aminci ga Allah ba za ta zauna bakarariya ba, ya ce mu shuka iri, wato mu ba da baikon kuɗi. Na sayar da keken ɗinkina na ba da kuɗin. Wata takwas yanzu, shiru. Baba, ko akwai wani zunubi a kaina da ban sani ba?

AMSA: 'Yata, sannu. Sannu ƙwarai. Na karanta wasiƙarki sau uku, raina kuma ya ɓaci, amma ba da ke ba.

Mai wa'azin nan ƙarya ya yi wa Allah. Ban saba faɗar haka a kan masu hidima ba, amma wannan ba ta da wani suna. Luka 1:6-7 ta ce Zakariya da Alisabatu dukansu adalai ne a gaban Allah, marasa abin zargi, nan take kuma ta ce ba su da ɗa, har sun tsufa. Da baƙonku ya tarar da Alisabatu tana da shekara arba'in, da ita ma ya raba ta da kekenta. Tambayar da kika yi mini, almajirai sun yi wa Yesu irinta a Yahaya 9 a kan mutumin da aka haifa makaho: wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba su ba. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ki karanta Ayyukan Manzanni 8:20 ki ji amsar da Bitrus ya ba shi. Ba ta da daɗi.

Matsalarmu ita ce muna karanta Ibraniyawa 11 mu tsaya a tsakiya. Rabin farko daɗi gare shi: an rufe bakin zakoki, an ci mulkoki, mata sun karɓi matattunsu da rai. Daga tsakiyar aya ta 35 sai murya ta sauya: waɗansu aka yi musu bulala, aka ɗaure, aka jajjefe, suka yi yawo saye da fatun tumaki. Marubucin ya ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Dukansu, na farkon da na ƙarshen.

Tarihin bishara a ƙasarmu ma a kan rabi na biyun nan aka gina shi. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wato wannan yanki namu: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, ba su ga ko ikilisiya ɗaya ba. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 mishan ɗinsu ya kafa tasha a Patigi, daga zuriyar aikin nan kuma aka sami ikilisiyar ECWA a 1954. In da sakamakon da ido ke gani ake auna aminci, Gowans ya faɗi warwas. Ki kuma tuna Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14 da aka sace tare da 'yan makarantarsu a Dapchi ran 19 ga Fabrairu 2018. Aka sako sauran da suka rayu bayan wata guda, ita aka riƙe ta don ta ƙi musun bangaskiyarta. Wane mai wa'azi ne zai tsaya gaban mahaifiyarta ya ce irin da suka shuka ne bai isa ba?

Samarin nan uku na Daniyel 3 sun ce wa sarki Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Wannan "ko bai" ɗin ke kika yi shekara 11 kina faɗarta, duk lokacin da dangin miji suka nuna miki hanyar boka kika ƙi. Kin zo kina tambayata ko kina da aminci, alhali ni ya kamata in zo in ɗauki darasi.

Ki ci gaba da roƙo, Hannatu ma ta roƙa har Eli firist ya zaci ta bugu. Amma ku je asibiti wurin likitan mata, ku biyu, ke da maigida. Na ce ku biyu, don sau da yawa matsalar tana wajen namiji, mu kuwa mun saba ɗora wa mace tun kafin a duba. In ya yi nauyin ƙafa, nuna masa wannan shafi, ki ce Baba ne ya ce. Ga shugabannin Zumuntarku kuma, in kuna karantawa: kun iya haɗa kuɗin anko cikin mako biyu, na sani. Ku haɗa ku mayar wa 'yar'uwarku kekenta.

TAMBAYA: Baba, an sa ni ƙarƙashin horon ikilisiya wata shida saboda shaye-shaye. An hana ni Jibin Ubangiji, an ce in riƙa zama a bencin baya. Lahadi biyu na je, na ga kamar kowa ni yake kallo, sai na daina zuwa. Mutum irina zai iya sake zama mai aminci?

AMSA: Ɗan'uwana, ka ga na ba da labarin kwaɗona na biyu a sama, don haka ba daga kan tudu nake maka magana ba.

Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku a dare ɗaya, har da rantsuwa, a gaban 'yar aikin gida. A Yahaya 21 Yesu ya gasa kifi a bakin teku, ya ciyar da shi tukuna, sa'an nan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya damƙa masa tumakinsa. Shi wannan Bitrus ɗin ne ya tsaya ya yi wa'azi a gaban jama'a ranar Fentikos. Akwai kuma ayar da nake so ka haddace, 2 Timoti 2:13, inda aka ce ko mun ci amana shi yana nan da amincinsa, don ba ya iya musun kansa. Namu amincin a kan nasa yake tsaye, shi ya sa mai faɗuwa yake da inda zai dafa ya tashi.

Horo kuma ba kora ba ne, ko da yake waɗansu ikilisiyoyinmu suna yinsa kamar kora: a sanar da sunan mutum daga bagade, sa'an nan wata shida ba dattijon da ya taka ƙofar gidansa. Wannan laifinmu ne mu shugabanni. Bulus ya ce wa Korantiyawa su yafe wa wanda aka hora, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Kallon da kake jin ana yi maka, rabinsa daga cikin kanka yake fitowa, sauran rabin kuma Lahadi uku zai yi ya gaji. Abin da ya fi damuna shi ne ina kake zama yanzu da safiyar Lahadi, da kuma yammar ranar da aka biya ka kuɗin aiki. Ka sauya hanyar da kake bi zuwa gida in tana ratsa gidan burkutu. Ka nemi mutum ɗaya, ba goma ba, wanda za ka iya buga wa waya da ƙarfe tara na dare ka ce "yau abin yana ja na." In jikinka yana rawa ko kana zufa duk ranar da ba ka sha ba, wannan ya zama na likita, ka je asibiti, kada ka yanke shi kai kaɗai a ɗaki.

Ran Lahadi mai zuwa ka riga kowa zuwa, tun mai shara bai gama ba, ka zauna a bencin naka. Ka rubuto mini bayan wata guda in ji yadda ake ciki.